Ranar da Malam Ba-Gaggawa Ya Yi Gaggawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwana malaman makarantarmu ta mata, ku gafarce ni da na shigo muku da dogon rubutu a tsakiyar hutu, kowacce tana fama da hidimar gidanta. Kun san ni, ba mai yawan magana ba ce a wannan zaure namu. Amma yau haƙƙi biyu ne a wuyana, na mamaci da na masu rai. Don Allah kada wadda ta tsallake, domin a ciki akwai saƙon da ya shafi kwamfutar da ke ɗakin kowaccenku, musamman ke Uwar Tagwaye.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta gabata, sha ɗaya ga wata, da hantsi, Allah ya karɓi ran mai gyaran kwamfutocinmu, dattijon nan da muke kira Malam Ba-Gaggawa, bayan gajeriyar jinya. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa.

Malam, ban san wacce a cikinmu ta laƙa maka wannan suna ba, amma ta iya zaɓe. Duk wadda ta zo shagonka na ƙarƙashin bene a firgice, tana cewa aikinta ya ɓace, abin da za ta fara ji shi ne, "Ba gaggawa, Malama, zauna ki sha ruwa." Har yanzu ina ganin shagon a idona: teburin gilashi da ya tsage a kusurwa, fitila mai lanƙwasasshen wuya, robobi cike da ƙananan kusoshi, da tsohon burushin haƙori da kake share ƙura da shi. Idan mace ta kawo maka kwamfuta, kai ba ka buɗe hotunanta. Juya mata fuskar kwamfutar kake yi, ka kau da kai har ta gama sa lambobin sirrinta. Kuma ba ka barin mutum ya tafi da jahilcinsa. Sai ka nuna masa abin da ya lalace, ka sa ya taɓa da hannunsa. Ni da ko fitilar ɗaki ba na iya canzawa, ka sa na riƙe sukundireba!

Bari in ba ku labarin ganina da shi na ƙarshe, don a nan saƙon yake.

Kun san kwamfutocin cinya da aka raba mana a makaranta, duk iri ɗaya ne, rana ɗaya suka zo. Makon jiya ina cikin shirya darussan zango mai zuwa, sai tawa ta ƙi dannuwa. Ɗan filin nan da ake shafawa da yatsa a gaban madannai, in na shafa, kibiya tana yawo lafiya lau a fuskar kwamfuta. Amma in na danna, shiru. Ya yi tauri kamar an daskare shi da siminti. Na ce to ba komai, na ɗauko maus, ɗan linzamin nan mai waya, na soka. Kibiya tana tafiya, dannawa babu. Na kashe na kunna. Na goge da tsumma mai tsabta. Na sauya ramin da nake soka maus ɗin. Na aika aka aro na maƙwabciya, shi ma haka. Na yi bisimilla na danna, na yi salati na danna, har babban yatsana ya yi ja. Abban yara ya leƙo ya same ni a haka, ya ce, "Ƙyale ta, yaji ta yi. Ki ba ta haƙuri a je biko." Ni kuwa ko dariyar ban iya yi ba.

Ranar Alhamis na kai ta shago, a naɗe cikin ɗankwalin da nake lulluɓe ta da shi. Malam ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya ce ba gaggawa. Sannan ya danna wasu madannai biyu tare, ya ce ya rufe ɗan filin shafawar gaba ɗaya, in gwada maus yanzu.

Jama'a, na ɗora yatsa, sai ji na yi ƙas, shafi ya buɗe! Wallahi ban san sanda na miƙe tsaye ina "Allahu Akbar, ta dawo, ta dawo!" ba, ni da ko a aji sai an matso ake jin muryata. Har mai ɗinkin da ke shagon kusa ya leƙo ya ga ko lafiya.

Amma da na dubi Malam, shi ba murna yake ba. Ya ce, "Malama, maus ɗinki ba shi da laifi. Filin nan ne yake a danne tun tuni, kamar wani ya ɗora yatsa ya ƙi ɗagawa. Ita kuwa kwamfuta ba ta amsa sabon dannawa sai an saki na farko. Abin tambaya, wa yake danne da shi?"

Ya rufe murfinta, ya ajiye ta a kan teburin gilashi, ya taɓa kusurwa ɗaya da yatsa. Sai ga ta tana rangaji kamar kujera mai guntuwar ƙafa. Ya ɗaga ta saitin fitila ya nuna mini: murfin bai haɗu da jikinta ba, haske yana ratsawa ta tsakiya. Nan take ya zare wayar caji. A iya sanina da shi, ban taɓa ganin hannunsa ya yi sauri irin na ranar ba. Ya kwance kusoshin ƙasa, ya ɗaga marfin, ya ce in matso in gani amma kada in taɓa. Batirin da ya kamata ya kwanta shafal ya kumbura kamar burodin da ya tashi. Shi ne yake turo filin shafawar daga ciki.

Ya tambaye ni a ina nake ajiye ta. Na ce a kan matashin kai, a gefen gado. Ya ce in tana caji fa? Na ce a nan dai, sai in lulluɓe ta da ɗankwali. Kun san dalili, don duk haka muke yi. Akwai Alƙur'ani a cikinta, rubutacce da na sauraro. Na san malamai sun ce hukuncinta ba ɗaya ba ne da na mushafi, amma zuciyar da ta taso da allo ba ta yarda a ajiye abin da ke ɗauke da Littafin Allah a ƙasa ko a bar shi a buɗe yana shan ƙura.

Malam, a nan ne ka ƙara girma a idona. Wani da dariya zai yi mini. Kai kuwa sai ka ce, "Niyyarki kyakkyawa ce, Allah ya ba da lada. Amma ita ta ƙarƙashinta take numfashi. Matashi ya toshe mata hanci, ɗankwali ya rufe mata baki, ga wuta tana shiga dare da rana. Zafi ne ya kumbura batirin nan, kuma irinsa yana iya kamawa da wuta." Da ka ga na tsorata, ka ƙara da cewa, "Salatin da kika yi ta yi bai faɗi ƙasa ba. Shi ya hana ta dannuwa har kika kawo ta."

Ya cire batirin a hankali da wata 'yar roba, ba da ƙarfe ba, ya kai shi waje ya sa a bokitin yashi. Ya mayar da marfi, ya jona caja, ya buɗe filin shafawar, ya ce in danna. Ƙas! Laushi kamar ranar da aka ba ni ita. Ya ce za ta yi aiki a jone kafin a samo sabon batir. Ina shirin tafiya ya ce in dakata. Ya ɗauko guntayen katako daga bayan shago, ya haɗa mini ɗan abin ɗorawa mai tazara a tsakiya, ya goge shi sumul. Ya ce, "Ga shi. Ba ta taɓa ƙasa ba, ba ta kuma rasa iska ba. Kin girmama, ita ma ta numfasa." A kansa take yanzu da nake muku wannan rubutu.

Sannan ya tambaye ni ko sauran malamai ma haka suke ajiye tasu. Da na ce haka ne, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. Ya ce, "Malama, wannan kam da gaggawa." Shi da bakinsa! Ya ce ranar Litinin zai zo makaranta da kayan aikinsa, a tara su ya duba ɗaya bayan ɗaya, zai kuma yanka wa kowacce katakonta. Na fara sanar da na kusa. Ranar Lahadi ciwo ya kwantar da shi. Litinin ta zo yana asibiti. Talata Allah ya yi ikonsa.

Na ɗauka maganar ta tafi da shi. Ashe ba haka ba ne. Shekaranjiya Malamar Fiƙihu ta biyo ta gidana da tata, tana cewa sai ta danna da ƙarfi take amsawa, kuma yanzu ga mai gyara ya rasu, ina za ta nufa? Ban san sanda na ce mata ba gaggawa, zauna ki sha ruwa ba. Na share teburin cin abinci, na rufe kwamfutar, na ajiye, na taɓa kusurwa. Ta yi rangaji! Na ɗaga ta saitin taga, ga haske yana ratsawa. Na ce, "Batir ne! Wallahi batir ne, kada ki ƙara jona mata caja!" Muka tsaya muna kallon juna, ga hawaye ga dariya. Ni ce na gano ciwon kwamfuta! Malam, ilimin da ka tilasta mini na koya ya yi aiki kana cikin kabarinka. In wannan ba sadaka mai gudana ba ce, to mece ce?

Da muka je gaisuwa, babbar 'yarsa, wadda ya koya wa sana'ar tun tana ƙarama har ta ƙware, ta riƙe hannuna ta ce ta ga guntayen katako a yanke a bayan shago, an jera su, ba ta san na mene ne ba. Da na gaya mata, ta yi kuka, sannan ta share ido ta ce ita za ta ƙarasa, ita za ta kuma cire duk batirin da ya kumbura.

To ga saƙonsa, kamar yadda ya faɗa mini. Kowacce ta sauke tata daga kan matashi, ta yaye lulluɓin, ta rufe ta, ta ajiye a kan shafaffen tebur, ta taɓa kusurwa. In ta yi rangaji, ko murfin bai haɗu ba, ko wurin dannawa ya yi tauri, a kashe ta, a zare caja. Kada a matsa ta don ta koma daidai, kada a buɗe ta a gida, kada a ajiye ta kusa da gado ko labule. A kawo ta shago.

Uwar Tagwaye, ke ce kika hana ni sukuni. Kafin hutu kin ce mini taki sai kin sa babban yatsa kin danna da ƙarfi, na ce wataƙila ƙura ce, don a lokacin ban sani ba. Kuma ke kika gaya mana a kan matashi kike ajiye ta kusa da kan yaran, a jone, tana musu karatu har su yi barci. Na kira wayarki ba adadi, a kashe. An ce kin tafi wurin mahaifiyarki da yaran, kuma da kwamfutar kika tafi.

Ya Allah ka jiƙan bawanka, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa kamar yadda ya haskaka mana abin da muka jahilta. Ka suturta shi kamar yadda ya suturta sirrin matan mutane. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, da babbar 'yarsa da ƙannenta, da 'yan uwansa, da maƙwabtansa na layin shaguna. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Mutumin da bai taɓa gaggauta kowa ba ya ce wannan da gaggawa. Don haka ina roƙonku, kowacce ta duba tata ta rubuto mini yau, ko da kalma ɗaya ce. Wadda kuma take da lambar mijin Uwar Tagwaye ko ta wani a gidan mahaifiyarta, ta kira yanzu, ta ce a sauke kwamfutar daga kusa da yaran, sannan ta sanar da ni. Ina nan riƙe da waya ina jira.