Mafitan Sadakar Arba'in ɗin Mufutau

Shekara talatin Simbiyatu ta yi a ɗakin gwaje-gwajen wata sakandare a Oshogbo, tana wanke kwalabe, tana auna sinadari. Aikin ya ɓata ta: ko gishiri aka ce ya isa a miya, sai ta tambayi wa ya auna.

Ƙanenta Mufutau, direban bas, ciwon suga ya kama shi. Ya watsar da ƙwayoyin asibiti, ya koma wa wani ruwan sassaƙe mai ɗaci na kantin Alhaji Rafiu, wanda takardar jikinsa ta yi alkawarin warkar da cuta ashirin. Simbiyatu ta je kantin da kanta.

"Alhaji, mutum nawa aka gwada wa wannan?"

"Haba Anti! Dubbai sun sha sun warke."

"Waɗanda ba su warke ba fa, wa ya ƙirga su?"

Ya yi dariya, ya ce boko ya yi mata yawa. Wata bakwai bayan nan ƙodar Mufutau ta tsaya.

Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, haushi ya hana ta. Ta sayi kwalba uku na ruwan sassaƙen, ta aika wa wata tsohuwar ɗalibarta mai aikin awon magani. Sakamako ya dawo: barasa, dakakken maganin ciwon jiki mai yawa, da ɗan ganye. Babu abin da ke sauke suga, kuma ko kwalba biyu haɗinsu bai zo ɗaya ba.

Ranar sadakar arba'in aka kafa rumfa, aka yi anko, aka tuƙa tuwon amala. Yadda aka saba, dangi suka raba tsaraba mai hoton mamaci. Ta Simbiyatu mafitai ne ɗari huɗu: gaba fuskar Mufutau, baya takardar awon da sunan kantin ɓaro-ɓaro.

Alhaji na teburin manya, yana ta fifita abinsa, bai juya bayan maficin ba. Sai da rumfar ta yi tsit ya duba.

Simbiyatu ta durƙusa a gabansa cikin ladabi, ta buɗe sabuwar kwalbar maganinsa, ta cika kofi.

"Bismillah, Alhaji. Naka ne."

Mutum ɗari huɗu suka zuba masa ido. Ya kalli kofin, ya sake kallo, sannan ya ce likita ya hana shi.