Jinin da Na Rufe da Ƙasa

Ɗanjuma, wani mafarki na kwana da shi jiya, har yanzu bai sake ni ba. Kai kaɗai zan iya faɗa wa, don kai in za ka yi mini dariya a gabana za ka yi, ba za ka kai ni majalisa ba.

Amma sai ka fara sanin abin da ya faru ranar Talata. Manoman gindin dutse sun kai kuka wajen Baba Tanko, Sarkin Bakanmu, shugabanmu mu maharba, cewa wani gadu ya addabe su, yana tone musu gyaɗa da dankali ana gab da cira. Mu shida muka hau da hantsi, aka ba ni bakin kwazazzabo na tsare. Ta gabana kuwa ya ɓullo, ƙato, haƙoransa kamar lauje. Na harba, na same shi a cinya, ya karkata, ya ja ƙafa ya shige cikin duwatsu. Ka san dokarmu: wanda ya ji wa dabba rauni shi zai karya ɗanyen reshe ya ajiye a kan hanya, don duk mai wucewa ya san akwai mai rauni a ciki, sannan shi zai shiga gaba a bi jinin har a ƙarasa ta. Na leƙa inda ya shiga, wani matsatsi ne da ko bindiga ba ka iya juyawa. Sai na sa takalmi na tura ƙasa a kan jinin, wuri uku, na tattake. Da suka iso Baba ya ce, “Lawwali, ka samu?” Na ce, “Na kuskure, Baba.” Ya dafa kafaɗata ya ce kowa na kuskurewa, muka sauko. Gadun yana can har yau da raunina a jikinsa, kuma ba wanda ya sani sai ni.

To, a mafarkin na gan ni a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba. Duwatsu dogaye, kansu fari fat, ga sanyi mai shiga ƙashi. Babu kuka, babu ɗorawa, wasu bishiyoyi ne miƙaƙƙu, ganyensu duk ya yi ja yana ta zuba. Ina sanye da rigata ta farauta da layunta, bindigata a kafaɗa, amma a ƙafata silifas ɗin wanka ne. Na ji kunyar silifas ɗin nan ƙwarai, ina ta tura ƙafata cikin ganye kada a gani.

Baba Tanko yana gabana. Bai waiwayo ba ya ce beyar muka zo nema. Ka san ta, dabbar nan ta ƙasashen sanyi mai gashi buzu-buzu, wadda muke gani a waya tana kama kifi a rafi. Baba da ko Kaduna bai cika zuwa ba, sai ga shi yana bayaninta kamar a gidansu aka yi kiwonta. Ya ce yanzu lokacin kaka ne a ƙasarsu, tana ci ba ji ba gani don ta tara kitse kafin ta shiga kogo ta yi dogon barci, saboda haka inda ’ya’yan itace suka zuba nan ake tsare ta. Ya ɗebi toka a jakarsa ya saki, ya ga inda iska ta kai ta, ya ce ta fuska za mu sha iska, don idonta ba shi da ƙarfi amma hancinta ba ya ƙarya. Ya ce ba a harbin mai ’ya’ya, ba a harbi daga nesa, sai ka ga haƙarƙari a bayan hannunta. Na ce, “Baba, a ina ka koyi wannan?” Ya ci gaba da tafiyarsa.

Sai kawai na ga ni kaɗai ne a bayan wani dutse, ga ta nan tana tsintar wani abu a ƙasa tana ci. Baƙa ce, girmanta ya kai rumbu ƙarami. Ban jira haƙarƙarin ba, na ja kunamar bindiga. A cinya na same ta, daidai inda na sami gadun. Ba ta yi ruri ba. Miƙewa ta yi tsaye kamar mutum, ta dafe wurin da hannu ɗaya, ta dube ni irin kallon da maƙwabci ke maka in ya kama ka kana leƙen gidansa. Sannan ta juya ta tafi tana ɗingishi.

Na je inda ta tsaya na duba ƙasa. Jini ja, ganye ja, ba ka bambance wannan da wancan. Wallahi Ɗanjuma, daɗi na ji. Na ce a raina, yau ko wahalar rufewa ba zan yi ba, ƙasar da kanta ta rufa mini asiri. A duk mafarkin nan ba abin da ya fi ba ni kunya irin wannan daɗin da na ji.

Sai kawai Baba ya tsaya a gabana. Bai tambaye ni ko na samu ba. Ɗanyen reshe ne a hannunsa, kore shar, shi kaɗai ne koren abu a faɗin ƙasar, ya miƙo mini. Na mayar da hannayena baya na riƙe. Ya ci gaba da miƙowa, ni kuma ina kallon silifas ɗina. Mun daɗe a haka, ganye na sauka a kan hularsa.

Sai kawai hanyar ta zama hanyar dutsenmu, wadda ta bi ta bayan makabarta ta haura, amma ganyen nan ja yana nan shimfiɗe a kanta. Na hango mutum yana hawowa a hankali. Inna Hajo ce, maƙwabciyarmu, tsohuwar nan mai sayar da itace, wadda ta yanke cibiyar ’ya’yana duka huɗu. Igiya a kafaɗarta, gatari a hannu. Ta tsaya ta huta, ta dube ni ta ce, “Maharbi, hanya lafiya?” Ka san haka mutane suke tambayarmu in sun gamu da mu a daji, kuma abin da muka ce shi suke ɗauka. Na buɗe baki in ce mata ta koma, sai na ji muryata da kanta ta ce, “Lafiya lau, Inna, wuce.” Ta ce, “Allah Ya yi maka albarka, ɗana.”

Ta wuce ni. Ina jin numfashin dabbar a bayan duwatsu, mai nauyi, kamar ana zuga zugazugi a maƙera. Duk inda Inna ta ɗaga ƙafa sai in ga tafinta ya jiƙe ja, ita ba ta lura ba. Na yunƙura in bi ta, ƙafafuna suka ƙi ɗaguwa. Na ƙwala mata kira, ba abin da ya fito. Tana tafe tana ’yar waƙarta har ta kai bakin matsatsin, ta sunkuya ta shiga. Waƙar ta tsaya, numfashin ma ya tsaya. A nan na farka, rigata sharkaf da gumi.

Na yi sallar asuba a gida, don ban iya haɗa ido da Baba a masallaci ba. Ina zaune a kan darduma har rana ta fito, sai Rakiya matata ta leƙo ta ce, “Malam, Inna Hajo ce a zaure, wai a ara mata gatari, za ta hau dutse itace.”

Ɗanjuma, ka san me na ce? Ban tashi na je na faɗa mata ba. Ban je gidan Baba ba. Na ce, “Ki ce mata ƙotar ta tsage, ta dawo gobe.” Gatarin yana jingine a bayan ƙofa ina kallonsa, lafiyarsa lau. Ina ji ta ce, “To, Allah Ya kai mu. Ki gaishe shi, ki ce kada ya wahalar da kansa.”

Kai ka zauna da malamai, ka fi ni sanin waɗannan abubuwa. Don Allah mene ne fassarar wannan mafarki? Gargaɗi ne aka yi mini, ko kuwa abin da aka riga aka rubuta aka nuna mini? In na je na durƙusa gaban Baba yau na ce ƙarya na yi, da wane ido zai sake ba ni bakin hanya in tsare? Kada ka ce sai ka yi tunani, ka ba ni amsa kafin la’asar. Gobe fa za ta dawo, me zan ce mata ya tsage kuma?