Gambo Mahauci da Maɗaciyarsa

Shekara talatin Gambo yana fawa a kasuwar Agadas. Cikin rago da na raƙumi ya san su kamar ɗakinsa, amma nasa cikin bai taɓa gani ba sai ranar da ciwo ya kai shi asibiti. Lokotoro, wato likita, tana ɗora masa na'urar duba ciki, sai ya hau nuna allon yana ɗoki: "Wallahi ga hanta! Ga ƙoda can!"

Ta yi dariya, ta nuna masa maɗaciyarsa cike da tsakuwa, ta ce sai an cire ta. Matarsa Suwaiba ta ɗora hannu a ka. "Malama, mutum yana rayuwa babu ita?"

"Hanta ce ke yin ruwan ɗacin da ke narkar da kitse," in ji lokotoro. "Maɗaciya ajiye shi kawai take yi."

Gambo ya tashi zaune, har ya manta da ciwon. "Ashe! Raƙumi nawa na feɗe, ban taɓa samun ta a cikinsa ba! Suwaiba, share hawayenki. Wanda ba shi da ita har Bilma yake zuwa ya dawo da gishiri. A cire!"