Shaguna a Bakin Raga

Jiya na bi ta filin ƙwallon unguwarmu a Daura, na tarar an haƙa harsashin shaguna daidai bakin raga. Har da allo aka kafa, wai sunan kawuna marigayi za a sa wa wurin don girmamawa. Girmamawa!

Kawu ne ke tsaron ragar nan yana saurayi, kafin ya shiga soja, ya dawo aka zaɓe shi kansila. Ko da babbar riga a jikinsa, in ya ratsa filin sai ya sunkuya ya tsince duwatsu da ƙaya, saboda masu bugawa ba takalmi.

Ina wurin ranar da 'yan jam'iyyarsu suka zo da igiyar awo. Ya shimfiɗa rigarsa a bakin raga, ya zauna cikin rana, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Ɗayansu ya ce, "Haba Honarabul, har da naka kason a ciki fa."

Kawu ya ce, "To, ku fara ginin a kaina."

Suka naɗe igiyarsu suka tafi. Ashe jira suke a binne shi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, Ya raba sunanka da allon nan.