Waken Baba Ilu da kwalbar da ta kusa kashe ni

Assalamu alaikum ɗalibaina na da, da sauran masu bibiyata a nan. Kun sha tambayata abin da ya sa kullum maganata ba ta wuce takin gargajiya da ganyen darbejiya. Sama da shekara ashirin ina kauce wa amsar, domin akwai kunya a ciki. Yau zan faɗa.

A shekarun da ake ta maganar ƙaddamar da shari'a, ina koyar da aikin gona a wata sakandare a ƙasar Buji. Ina da takardar shaida, ina da ƙuruciya, ina ganin babu wanda ya kai ni sanin ƙasa.

Maigadin makarantar, Baba Ilu, bai taɓa shiga aji ba. Yana da ɗan fili a jikin katanga inda yake shuka wake. Takin akuya yake zubawa, da toka. Idan ƙwari suka sauko, sai ya daka 'ya'yan darbejiya da barkono, ya jiƙa su kwana, ya yayyafa da tsintsiya.

Wakensa ya fi na gonar makaranta kyau. Ba sau ɗaya ba, damina biyu a jere.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran. Da an tashi, sai in gan su tsugune a gabansa suna tambaya yana dariya. Ni da na kwana ina shirya darasi, sai na ɗaga murya kafin a saurare ni. Wata rana shugaban makaranta ya ce a gaban malamai, "Malam Sabo, ko dai mu ba Baba Ilu allin ne?" Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Na rantse a raina bana sai na ba shi kunya. Na sayo maganin ƙwari mai ƙarfi a kasuwar Jahun, na ninka abin da aka rubuta a jikin kwalba. Waken gonar makaranta na fure, na saɓa famfon feshi da tsakar rana, daga ni sai singileti. Baba Ilu ya leƙo ya ce, "Malam, iskar nan kai take bi fa. Bari yamma mana."

Na ce, "Baba, wannan aikin masu karatu ne."

Can sai bakin famfon ya toshe. Na kwance shi, na sa a bakina na busa, kamar yadda na ga manoma suna yi. Sau uku.

Kafin la'asar miyau ya fara zubo mini ba tsayawa. Gumi, amai, murɗar ciki. Idona ya dishe, naman cinyata yana rawa shi kaɗai. Na zauna a bakin kunyar wake ina jan numfashi kamar an ɗora mini buhu a ƙirji.

Baba Ilu ne ya same ni. Ya cire mini singiletin, ya kwarara mini ruwa, ya tare motar haya zuwa asibitin Jahun.

Likita ya haska idona ya ce, "Me ya sha? Wane iri ne?" Bakina ya kasa magana. Sai Baba Ilu ya zaro kwalbar daga aljihunsa, a naɗe da leda. Ya ce, "Likita, ni ban iya karanta ta ba, amma na ce a raina kai ka iya."

Likitan ya duba, nan take ya sa aka fara yi mini allura. Ana yi ana duba idona da ƙirjina, ana ƙarawa. Aka sa mini ƙarin ruwa, aka ɗebi jini. Daga baya ya ce mini, "Malam, kwalbar nan ce ta rage mana lalube. Da an bar ta a gona, da labarin ya canza."

Kwana tara na yi. Matata Hajara ta sayar da tunkiyarta ta sayi magani. Na ji tsoron mutuwa ƙwarai, musamman da na ji ta tana tambayar ma'aikaciyar jinya a hankali ko zan tashi.

Ga abin kunyar: ko a gadon asibiti hassadar ba ta sake ni ba. Ɗalibai suka zo dubiya, suka ce waken Baba ya yi 'ya'ya har yana kwanciya, nawa kuwa furen ya ƙone. Na juya fuska bango. Hajara ta ce, "Malam, mutumin da ya ɗauko ka kake jin haushi? Wannan ciwon kuma ba na likita ba ne."

Na yi wata guda hannuna yana karkarwa, alli ma da ƙyar nake riƙewa. Ranar da na koma makaranta, na wuce ofis na tafi jikin katanga. Yara na tsugune. Na tsuguna a cikinsu na ce, "Baba, darbejiyar nan, mudu nawa ake jiƙawa?"

Ya dube ni ya ce, "A'a, Malam, ai wannan aikin marasa karatu ne." Ya yi dariya, ya miƙo mini taɓarya.

Alhamdu lillahi da Ya bar ni da rai. Na gode wa likitan da ma'aikatan jinya, da Hajara. Baba Ilu ya rasu, Allah Ya jiƙansa.

'Ya'yana, ku fara gwada toka da darbejiya. In feshi ya zama dole, ku rufe jiki da hanci, ku bi awon da aka rubuta, kada ku yi cikin rana ko gaban iska, kada baki ya taɓa famfo. Wanda ya faɗi, a wanke shi, a garzaya asibiti, a tafi da kwalbar.

In kuma kun ga wanda ya fi ku, ku je ku tsuguna tun da ƙafarku. Ni sai da aka ɗauke ni ranga-ranga.