Goron Saƙon da Ban Isar Ba

Shekarun baya can, tun kaina yana da suma, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa kuma fari ya sake dawo mana, ina aikin gyaran layukan waya a wata ma'aikatar gwamnati a Yamai. Ku da kuke yawan tambayata yadda aka yi na zama mutum na farko da ya yi magana ta tauraron ɗan Adam daga wani lungu na arewa, yau ga labarin. Sai dai bai kai daɗin da kuke zato ba.

Gidanmu yana Gamkalley, ni da mahaifiyata da na ɗauko daga Tawa bayan rasuwar mahaifinmu. Ina da wata cuta a lokacin, wadda har yau ban warke ba, ita ce rediyon magana. Ba irin na sauraron labarai ba, wanda kake kira wani mai irinsa ya amsa maka daga wata ƙasa. Wani Bature abokin aiki ne ya koya mini, da zai koma gida ya bar mini na'urorinsa. Mu masu wannan sha'awar mun raba duniya gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida da lambarsa. Idan mutum biyu suka yi magana, sai su aika wa juna kati ta gidan waya, shi ne shaida. Katin da aka fi nema kuwa shi ne na gidan da ba a taɓa jin muryar kowa daga cikinsa ba.

Na duba taswira na ga wani gida arewa da Filinge, babu wanda ya taɓa kira daga can. Tun ranar zama ya gagare ni. Dama ni mutum ne mai ƙafar yawo da gajen haƙuri, mahaifiyata takan ce ko a ciki ban bar ta ta huta ba. Tauraron da muke amfani da shi yana ratsa sama ne ya ɗauki muryarka ya watsa ta nesa, amma minti goma sha 'yan kai kawai yake yi a samanka, ya faɗi. Sai ka zauna da fensir da taswira ka lissafa ranar da zai bi ta inda kake so, da minti, da gefen da zai ɓullo. Na lissafa, na sake lissafawa, na rubuta wa masu rediyo na Turai wasiƙu cewa ranar kaza, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, su kasa kunne.

Saura izini. A wancan zamanin, a gan ka da anten a daji ba takarda, ba ka ma san inda za ka kwana ba. Wata uku ina sintiri a wani biro, wato ofishin gwamnati, kafin a kai ni gaban wani hafsan soja. Ya daɗe yana juya takardata.

"Kai ne mai hira da taurari?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To saurara da kyau. Rana ɗaya na ba ka. Ka faɗi lambarka, ka faɗi inda kake, ka ce kana jin su ko ba ka ji. Shi ke nan. Kalma guda a kan halin da ƙasa ke ciki, mu ma muna da kunne. Kayanka za su dawo nan, kai ma haka."

Na ce na ji, na karɓi takarda hannu biyu. Wallahi ko a jikina, don me ya haɗa ni da halin ƙasa? Lamba kawai nake son faɗa.

Ba wai ban san halin ba. Kogi ya janye har mutane suna ƙetarewa da ƙafa, masu lambun unguwarmu suna bin ruwa da bokiti can tsakiyar yashi. Ranar da na je kasuwar Petit Marché sayen guzuri, na tarar da matan ƙauye a bakin hanya suna sayar da tabarmin kwanansu da tukwanen girkinsu. Na ratsa ta tsakaninsu ina ƙidaya mintoci a kaina. Anten ɗin da na haɗa da ƙarafan labule da sandar tsintsiya ya fi damuna.

Abokina, shofer ɗin da ke tuƙa motar ma'aikatarmu, yana da tafiyar duba turakun waya ta wajen, sai ya yarda ya ratse da ni. Mun fita Yamai bayan asuba. Hanya ta cinye mu, taya ta fashe sau biyu, kowane lokaci ina tsaye a kansa da agogo kamar hakan zai sa iska ta shiga da sauri. Har ya ce mini, "Malam, ko ka kama kiliyar kwance taya ka taya ni, ko ka je can ka yi ta kallon agogonka." Gawar shanu ce ke nuna mana hanya. Muka isa wani ƙauye da ke cikin gidan nan na taswira saura minti arba'in tauraro ya fito.

Na hango wani tudun yashi bayan gari, na ce mu wuce can kai tsaye. Abokina ya kashe mota.

"Ba ka da hankali? Ka shiga garin mutane da ƙarafa ba ka gai da mai gari ba?"

Haka aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar mai garin, wani tsoho dogo, siriri, mai farin gemu. Aka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina hanya, ina mutanen Yamai, ina iyali, ina aka ji da zafi. Ya gama ya sake daga farko. Ni ina amsa "lafiya lau" idona yana kan tsintsiyar hannuna, har abokina ya taka mini yatsa. Aka kawo ruwan baƙo a gindin ƙwarya, ja wur, bai kai kofi biyu ba. Na kurɓa na miƙa, ban ma tsaya tunanin daga ina ya fito ba. Tsohon ne ya faɗa da kansa. Rijiyarsu ta ƙafe. Mata suna fita tun duhun asuba zuwa wata rijiya mai nisa, sai azahar su dawo da tulu ɗai-ɗai. Ya aika wurin kumandan mai mulkin yankin sau biyu, shiru.

Saura minti goma sha biyar. Na daure na ce, "Baba, a yi mini izini in hau tudun can. Akwai wani abu da zai wuce ta sama, zan yi magana da mutanen nesa."

"Nesa kamar ina, ɗana?"

"Har ƙasar Nasara."

Ya dube ni, ya dubi akwatin rediyon da ke hannuna. Sai ya jawo sandarsa ya miƙe, ya ce mu je.

Rabin gari ya biyo mu. Abokina ya ciro batirin mota ya ɗauko a kafaɗa, na jona wayoyi, na sa kaske, abin sauraro, a kunne, na ɗaga anten wajen kudu inda lissafi ya ce. Tsohon ya matso dab da ni.

"Ɗana, in sun amsa ka hwaɗa masu. Ka ce rijiyarmu ta ƙahe, bisashe suna mutuwa, ɗiya sun hwara bin su. Ba mu roƙon komi sai ruwa. Su da sunka iya aza ƙarhe bisa sama, rijiya ba ta gagarar su."

Na ce to. Irin "to" ɗin da ake ce wa mutum don ya matsa.

Ƙarfe huɗu da ashirin ta yi, ba komai sai shuuu. Da ashirin da ɗaya, shuuu. Gumi ya jiƙa mini riga, na fara zargin lissafina. Sai na yi kira, na ji muryata ta dawo mini daga sama, siririya, kamar wani ne ke kwaikwayona. Duk wanda ya taɓa jin wannan ya san abin da nake nufi. Ban rufe baki ba wani mutumin Italiya ya faɗo da gurɓataccen faransanci, yana ihu don murna, wai shekara nawa yana jiran wannan gidan. Na ba shi lamba, ya ba ni tasa. Wani Bafaranshe ya biyo, sai wani daga Sifen. Ina juya anten a hankali ina bin abin da ido ba ya gani.

Bayan na ukun sai layi ya yi tsit. Mutumin Italiya yana nan bai tafi ba, ina jin numfashinsa, har ya ce, "Abokina, yaya can wurinku?" Saura kamar minti uku. Hannun tsohon yana kan kafaɗata, mara nauyi. Mikro yana bakina. Na tuna hafsan nan da yadda ya ce kayana za su dawo, ni ma haka. Na tuna aikina, na tuna mahaifiyata ita kaɗai a Gamkalley. In faɗi gaskiya, na kuma tuna cewa minti uku sun isa a samu mutum na huɗu.

Na ce, "Lafiya lau, akwai zafi." Na sake yin kira, na samu na huɗun. Muryarsa ta dusashe, tauraro ya faɗi ta arewa.

Na cire kaske. Kowa yana kallona.

"Ka hwaɗa masu?"

"Na faɗa, Baba."

"Mi sunka ce?"

"Sun ce sun ji, za su duba."

Ya ɗaga hannu ya yi hamdala, mutane suka amsa. Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro goro guda, ya ɗan yanƙwane, da gani ya daɗe yana adana shi. Ya danƙa mini ya rufe hannuna da nasa. "Ga goron saƙo. Allah shi yi maka albarka." Muka juye musu ruwan da muka zo da shi a bidon, wato jarka, muka kama hanya.

Muka yi nisa da gari. Can abokina ya ce, idonsa yana kan hanya, "Ni ban yi lakkwal mai zurfi ba, karatuna kaɗan ne, amma na san yadda ake cewa rijiya da faransanci. Ban ji ta ba." Na ce ai ya san sharaɗin da aka gindaya mini. Ya ce ya sani, shi ma da shi ne ba zai faɗa ba. "Amma da sai ka ce masa an hana ka."

Da na isa gida na kasa cin abinci, na kasa zama, in shiga ɗaki in fito. Mahaifiyata ta bar ni na yi ta zagaye har na gaji na faɗa mata komai, na ajiye goron a gabanta. Ba ta taɓa shi ba.

"Wannan ba naka ba ne, tunda ba ka isar ba," in ji ta. "Kuma bakin naka da ke kaiwa ƙasar Nasara, ya kasa kaiwa biron masu ruwa da ke nan cikin gari?"

Kunya ta kama ni, don ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba. Washegari na je. Akwai wanda muka yi makaranta tare a can, ya rubuta sunan ƙauyen a ƙasan wata doguwar takarda, ya ce motocin ruwa kaɗan ne, sai layi ya zo. Na yi ta komawa har masu gadi suka san ni. Da layin ya zo, makonni sun shuɗe.

Abokina ne ya sake bi ta wajen, ya dawo ya same ni a wurin aiki. Ya ce gidaje duk an toshe ƙofofinsu da ƙaya, tsofaffin mata biyu kawai ya tarar. Su suka gaya masa cewa ƙauyukan kewaye sun tashi tun da sauran ƙarfi a jikin dabbobinsu, amma mai gari ya hana nasa mutanen. Ya ce a yi haƙuri, an faɗa wa Nasara a gaban idonsa, sun ce za su duba. Kullum da la'asar yakan hau tudun nan ya zauna. Sai da jakunan da za su ɗauki kaya suka mutu sannan ya yarda aka tashi, da ƙafa, aka yi kudu. Ban taɓa samun wanda ya san inda ya ƙare ba.

Katunan sun zo, huɗu cif, ɗaya har da hoton shanu a cikin ciyawa. Su ne kuke ce mini in nuna muku.

Na daɗe ina juya abin nan. Na san ko na faɗa, mai yiwuwa mutumin Italiya ba abin da zai iya sai jajantawa, ni kuma in kwana a tsare. Tsoron da na ji ban ga laifinsa ba, kowa ya ji tsoro a shekarun. Abin da ya hana ni sakat shi ne "na faɗa, Baba". Na faɗe ta ne don in fita kunyar minti ɗaya, shi kuwa ya ɗauke ta ya ɗora gari guda a kai. Tun daga lokacin, ko gaisuwa aka ba ni in kai wa wani, ba na samun natsuwa sai na kai, in kuwa ba zan iya ba nakan faɗa tun a wurin. Mutane suna cewa na cika tsanani a kan ƙaramin abu, ni kuma ba na yi musu bayani.

Katunan suna cikin wani tsohon gwangwanin madara, ban taɓa manna su a bango ba. Goron ma yana ciki, ya bushe ya yi baƙi, ya zama kamar tsakuwa. Matata ta sha cewa in jefar da shi, me ake da goron da ya fi 'ya'yanmu shekaru. Nakan ce mata ta bar shi, ba nawa ba ne.