Kwaɗo Biyu a Kan Makunnin Lifta

Irimiya Gaiya ba mutum ne mai saurin shiga rai ba. A unguwarsu, can bayan Bosso a Minna, idan aka ce "mai lifta" kowa ya san wanda ake nufi: dogon dattijon nan da idan ka gaishe shi sai ya dube ka kamar ka zo aron guduma. Matarsa Mary takan ce ba mugu ba ne, fuskarsa ce haka. Maƙwabta sun karɓi maganar saboda girmanta, amma ba su fasa sauya hanya ba idan sun hango shi.

A Kuta aka haife shi, gidan manoman doya. Ya riƙe fartanya har ya tabbatar ba za su taɓa shiryawa ba, sai ya bi wani kawunsa Kaduna koyon aikin waya. Daga can ya gangara Abuja, ya shiga kamfanin masu kafa lifta da matakalar nan mai tafiya da kanta a manyan kantuna. A wurin ne wani abu ya faru da ya zauna masa a ƙirji har yau. Wata rana aka ɗauke wuta, abokin aikinsa Joshua ya ce to ga dama ta samu, ya sauka cikin ramin da ke ƙarƙashin lifta ba tare da ya kashe komai ba, tunda dai babu wuta. Wutar ba ta yi sallama ba ta dawo. Joshua ya rayu, amma da sanda yake tafiya, ya koma ƙauyensu. Tun daga ranar Irimiya bai ƙara shiga rami ba sai ya sauke makunnin lifta da hannunsa, ya maƙala masa kwaɗonsa, ya rataya makullin a wuya. Ko da wuta, ko babu.

Da ya dawo Minna ya tarar garin faɗi yake yi, ba tsawo ba. Liftocin da ke akwai ba su da yawa, wasu ma sun mutu an mayar da su ma'ajiyar tsintsiya da bokiti. Ɗaya bayan ɗaya ayyukansa suka zube, har ya rage masa guda: liftar wani otal mai ɗakin taro a hawa na ƙarshe. Da ita ake cefane a gidansa, da ita ake biyan makarantar autarsa Lilian. Ya san haka, manajar otal ɗin, Madam Christiana, ita ma ta sani.

A otal ɗin nan akwai Malam Sanda, mai kula da janareta da duk wata waya da ke cikin bango. Kakansa da jirgin ƙasa ya shigo garin, kuma Sanda yana faɗin haka kamar shi ya tuƙo jirgin. Ɗakin janareta nasa ne: can buzunsa yake, da butarsa, da rediyonsa. Shekara da shekaru shi da Irimiya ba sa ƙaunar juna, amma ba abin da ya haɗa su, don makunnin lifta a sama yake. Da aka sayi sabon janareta aka sake wayoyi, sai masu aikin suka sauko da makunnin cikin ɗakin Sanda. Bayan haka damina ta zuba ruwa a ramin, liftar ta tsaya cak.

Irimiya ya zo da jakarsa, ya shiga ɗakin, ya fito da kwaɗo.

"Wannan na mene ne?" in ji Sanda.

"Zan shiga rami."

"Shiga mana. Na ce maka ba zan taɓa makunnin ba."

"Bakinka ba ya hana wuta tafiya."

Sanda ya rage muryar rediyo. "Wato a ɗakina, a gaban idona, za ka sa kwaɗo kamar kana ɓoye wa ɓarawo akuya. Ni ne ɓarawon ke nan."

"Ban ce ɓarawo ba. Na ce kana barci da rana, kuma kowa yana shigowa nan cajin waya."

"To Injiniya, tattara kwaɗonka. Ai yanzu ma babu wuta, janareta a kashe. Me zai cije ka?"

Irimiya ya dube shi irin kallon da yake wa masu aron guduma, ya mayar da kwaɗon jaka, ya tafi gida. Haka aka yi ta yi. Ya zo, a hana kwaɗo, ya koma. Baƙi suna hawa bene da akwatuna suna tsine wa mai lifta, masu shara suna masa tsaki a bayansa, mai dafa abinci ya daina sa masa nama. Shi kuwa ko a jikinsa, ko kuma fuskarsa ba ta nuna ba, wanda a wurin Irimiya duk ɗaya ne.

Daga ƙarshe Madam Christiana ta kira su biyun. Ta ce ranar Asabar da rana akwai liyafar biki a ɗakin taron sama, kakar amarya ba ta iya taka bene, kuma dangin sun tambaya musamman ko lifta na aiki, ita kuma ta ce tana yi.

"Baba Irimiya, in baƙi suka iso ba ta aiki, ka gama da mu. Zan kira wani daga Abuja. Malam Sanda, ka bar shi ya sa abinsa, ba gidanka ba ne."

Sanda ya ce to. Irin "to" ɗin da ya kamata a bincika, amma Madam tana da girki da kujeru a kanta.

Ranar Asabar da safe Irimiya ya sauke makunnin, ya maƙala kwaɗonsa. Sanda na zaune kan buzu yana kallo. Sai ya tashi a hankali, ya ciro wani ƙaton kwaɗo daga aljihu, irin na shagon hatsi, ya zura a ɗaya hujin hannun makunnin, ya danna.

"Ni ma ban yarda da kai ba," ya ce. "In ka gama, ka zo ka roƙe ni."

Abin haushin shi ne, Sanda yana kan ƙa'ida. A inda ya koyi aiki haka ake yi: duk wanda zai taɓa waya yana da ikon sa nasa kwaɗon, kuma ba mai cire na wani. Ya yi tsaki don kada a ce ya yarda, ya sauka rami.

Aikin ya ci shi. Ya kwashe ruwa, ya goge tsatsa, ya sauya ɗan makunnin ƙasa da ruwa ya cinye, ya hau sama ya duba birki da igiyoyin ƙarfe. Da ya fito, rigarsa ta jiƙe, masu ado sun fara hawa da furanni. Ya nufi ɗakin janareta. Rediyo na nan, buta na nan, Sanda ba ya nan. Ya cire nasa kwaɗon. Na shagon hatsi ya tsaya yana kallonsa.

Aka kira wayar Sanda, a kashe. Maigadi ya ce ya ga fitarsa a kan babur. Madam ta sauko da ɗankwalinta na biki a karkace, ta aika aka kawo zarton ƙarfe, ta miƙa wa Irimiya da kanta.

"Yanke shi."

Ya karɓi zarton. Kwaɗon ba wani abu ba ne, ƙarfen kasuwa ne, kafin ruwan shayi ya tafasa zai faɗi. Kuma ya san abin da Sanda ya yi, wulaƙanci ne tsagwaronsa, ba wata waya da yake gyarawa. Ya tuna Lilian. Ya ɗora haƙoran zarton a kan ƙarfen, sannan ya ɗauke.

"Madam, ba na yanke kwaɗon mutum."

"Mutumin da ya tafi gida don ya tozarta ka?"

"Maigadi ya ga fitarsa. Bai ga ko ya dawo ta baya ba. In yana cikin silin da waya a hannu fa?"

"Kai ma ka san ba ya ciki."

"Na sani. Amma ban gani ba."

Ta ce masa abubuwa da dama, wasu da Hausa, wasu da Turanci, wasu da harshen garinsu. Ya ajiye zarton a kan buzun Sanda, ya fita ya tari keke-napep zuwa Tudun Fulani, unguwar su Sanda.

Ya same shi a ƙofar gida, ƙarƙashin mangwaro, da kwanon tuwo a gabansa. Sakinatu, matar Sanda, ta leƙo ta ga fuskar baƙon ta koma ciki ba tare da ta kawo ruwa ba.

"A'a, Injiniya. Har an gama bikin?"

"Tashi ka cire ƙazamin kwaɗonka."

Sanda ya tsaya da loma a hannu. "Ba ku yanke ba?"

"Da na yanke, me zai kawo ni wannan unguwar taku?"

Sanda ya mayar da lomar cikin kwano. Shi abin da ya shirya daban ne. Ya so ya dawo da yamma ya tarar da kwaɗonsa a ƙasa gida biyu, ya ɗaga shi gaban kowa ya ce ga dokar Irimiya nan, ta kansa ce kawai, in ta zo kan wani sai zarto. Har ya tanadi kalmomin. Yanzu ga su sun tashi a banza, ga kuma mutumin tsaye a kansa yana ɗigar da gumi.

"Ai sai ka ce don Allah," ya ce, amma muryar ba ta da ƙarfin da ya so.

"Don Allah, Malam Sanda, tashi. Kai mutumin banza ne, amma don Allah tashi."

Sanda ya wanke hannu. Suka hau babur ɗinsa, Irimiya a baya yana riƙe da ƙarfen kujera don kada ya taɓa shi. Hanyar Bosso ta cushe da motocin wani bikin daban, suka yi ta kutsawa suna zagin juna a kan wanda ya fi sanin hanya.

Da suka iso, kiɗa na tashi daga sama. An riga an ɗora kakar amarya a kan kujerar roba, samari sun hau da ita suna nishi, ita tana salati tana dukan kan na gaba da mafici. Madam na tsaye a ƙofar ɗakin janareta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba Irimiya, ka kunna ta. Daga nan ka kwashe kayanka."

Sanda ya buɗe baki, ta ce shi ma za ta zo kansa ranar Litinin, ya rufe. Ya sa makulli ya cire kwaɗonsa, bai dubi kowa ba. Irimiya ya leƙa rami ya tabbatar babu kowa, ya hau sama ya leƙa, ya dawo ya ɗaga makunnin. Ya shiga liftar shi kaɗai ya kai ta sama ya sauko, yana sauraron ƙararta da kai a karkace. Lafiya lau take tafiya.

Yanzu famfon burtsatse yake gyarawa, da injin ƙofar gidajen manya, daga Bosso har Tudun Fulani. Abin da ake samu bai kai na da ba, Mary ta fara soya doya a bakin titi don a cike kuɗin makarantar Lilian. Sanda bai rasa aikinsa ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Idan sun haɗu a hanya, Sanda yakan rage gudun babur kamar zai tsaya, Irimiya ya juya kai yana duban kwata har ya wuce.